Yumɓu da Kwaɓin Gari: Wasan da Ke Koya wa Hannun Yaro Aiki

Jama'a, ku tuna ranar da kuka fara zuwa ajin Yaƙi da Jahilci. Malami ya miƙa wa kowa fensir da takarda. Fensir ba shi da nauyin komai. Amma da yawanku sai da gumi ya karyo muku kafin ku gama harafin farko. Mun ga manomi wanda ke yini yana huɗa da garma bai gaji ba, amma layi biyu na rubutu suka sa yatsunsa suka ƙage.

Me ya kawo haka? Ba rashin ƙarfi ba ne, ba kuma rashin basira ba. Hannun ne ya saba da babban aiki, bai saba da ƙarami ba. Riƙon fartanya aikin damtse ne da tafin hannu. Riƙon fensir kuwa aikin yatsu uku ne: babban yatsa, da manuni, da na tsakiya. Tilas su yi tafiya tare da ido, a hankali.

To, muna so 'ya'yanmu su sha irin wahalar da muka sha? A'a. Akwai hanyar da za mu gyara musu hannu tun kafin su shiga makaranta. Hanyar ba ta cin kuɗi. Ita ce wasan gini da yumɓu, ko da kwaɓin gari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da yaro ke samu

Wata rana muna wannan magana a aji, sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ashe wasan ƙasa ma ilmi ne? Ni kam in na ga jikana ya ɓata rigarsa da laka, tsawa nake yi masa."

Muka ce masa, "Baba, tambayarka ta yi kyau. Bari mu lissafa maka amfaninsa ɗaya bayan ɗaya."

Na farko, yatsu suna ƙarfi. Yaro ya matsa yumɓu, ya mintsina, ya murza, ya mulmula. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana motsa ƙananan naman da ke cikin tafin hannu. Su ne naman da zai riƙe alƙalami da su, ya saka maɓalli, ya zura zare cikin allura.

Na biyu, ido da hannu suna sabawa da juna. Ido ya ga ƙafar doki ta yi gajarta, hannu ya ƙara mata tsawo. Haka rubutu yake: ido na dubawa, hannu na gyarawa.

Na uku, yaro yana koyon lissafi bai sani ba. Ya raba curi ɗaya gida biyu, ya ga rabi. Ya jera dunƙule biyar, ya ɗauke biyu, ya ga saura uku. Ya san babba da ƙarami, dogo da gajere, mai nauyi da marar nauyi.

Na huɗu, bakinsa yana buɗewa. Yaron da ya gina saniya ba ya yin shiru. Zai gaya muku sunanta, da inda za ta kiwo, da wanda zai tatse ta. Ta haka kalmominsa ke yawa.

Na biyar, yana koyon haƙuri. Tukunyarsa ta rushe, ya sake. Ta sake rushewa, ya canza dabara. Yumɓu ba ya ƙarewa don an yi kuskure. A dunƙule shi, a soma daga farko.

Likitoci sun auna, sun ga kafin yaro ya cika shekara 6, ƙwaƙwalwarsa ta kai wajen kashi 9 cikin 10 na girman ta babban mutum. Watau shekarun da muke cewa yaro bai san komai ba, su ne shekarun da kansa ya fi saurin girma.

Labarin wannan wasa a wasu ƙasashe

Mutanen wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. A ƙasar Jamus an yi wani malami, Friedrich Froebel. Shi ya soma irin makarantar nan ta ƙananan yara waɗanda ba su isa karatu ba. A shekarar 1840 ya sa mata suna da harshensu, ma'anarsa lambun yara. Gini da yumɓu yana cikin ayyukan da ya tsara wa yaran.

A Ingila kuma, a birnin Bath, akwai wani malamin zane, William Harbutt. Yumɓun almajiransa yana bushewa kafin su gama aiki. Sai a shekarar 1897 ya haɗa wani abu mai laushi kamar yumɓu. Da mai ya haɗa shi, babu ruwa a ciki, shi ya sa ba ya bushewa. Ya sa masa suna Plasticine.

Na Amurka ya fi ban mamaki. A birnin Sinsinati akwai wani kamfanin sabulu mai suna Kutol. Mutanen can a da suna ɗumama ɗakunansu da kwal, hayaƙinsa yana baƙanta takardar da suke liƙawa a bango don ado. Kamfanin yana sayar da wani kwaɓi da ake goge baƙin da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane suka rage ƙona kwal, kasuwar kwaɓin ta faɗi. Sai wata malamar ƙananan yara, Kay Zufall, ta ba yaran ajinta shi su yi wasa. Yara suka so shi ƙwarai. A shekarar 1956 aka soma sayar da shi a matsayin abin wasa, da sunan Play-Doh.

Ku lura da wannan: jigon Play-Doh garin alkama ne, da gishiri, da ruwa. Duka ukun akwai su a kasuwarmu.

Mu ma muna da namu

Kada wani ya ce wannan abin Turawa ne. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani sassaƙen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu. Daga baya aka yi ta samun wasu. Masana sun ce mutanen da suka gina su sun rayu fiye da shekara 2000 da suka wuce.

Duk wanda ke da takardar Naira 20, ya juya bayanta ya duba. Zai ga hoton mace tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, mutuniyar Kwali ta ƙasar Gwari. Tun tana yarinya ta koyi gini wajen wata daga cikin iyayenta mata. A shekarar 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja. Ta je Ingila da Amurka ta nuna gwanintarta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984. Hannun da ya kai ta wannan matsayi, da ɗan curin yumɓu ya fara.

A ƙauyukanmu ma, wanene bai taɓa ganin yara a bakin rafi suna gina shanu masu tozo ba? 'Yan mata kuma suna gina 'yan tukwane da kasko da murhu, suna wasan girki. Abin da muke roƙo shi ne a daina hana su, a gyara musu wasan ya zama mai tsabta.

Yadda ake gyara yumɓu

Yumɓu ya bambanta da rairayi. Ƙwayoyin yumɓu ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kuma falle-falle suke. In ruwa ya shiga tsakaninsu sai su riƙa zamewa a kan juna ba su rabu ba. Shi ya sa yumɓu ke lanƙwasuwa. Ƙwayoyin rairayi manya ne, ba sa riƙe juna, shi ya sa yake wargajewa.

Ga yadda za ku yi:

1. Babba ya ɗebo yumɓun da kansa. In akwai maginiya a garinku, ku tambaye ta inda take ɗiba, ko ku sayi kaɗan a wurinta.

2. A shanya shi a rana ya bushe ƙayau.

3. A farfasa shi da dutse a waje, inda iska ke kaɗawa, yara kuma su ja baya saboda ƙura. Kada a sa shi cikin turmin abinci.

4. A tankaɗe shi da tsohuwar rariya. A fid da tsakuwa, da ƙaya, da fasasshiyar kwalba.

5. A zuba masa ruwa mai tsabta, a bar shi ya kwana.

6. Da safe a cuɗa shi sosai har ya daina manne wa hannu.

Ga gwajin da magina ke yi. A murza ɗan yumɓu ya yi tsawon yatsa, a naɗa shi a yatsa kamar zobe. In ya naɗu bai tsage ba, ya yi kyau. In ya kakkarye, rairayi ya yi masa yawa. In ya cika danƙo, a ƙara masa rairayi mai laushi kaɗan.

In yara sun gama wasa, a dunƙule yumɓun, a sa shi cikin tsohuwar tukunya, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Gobe yana nan da laushinsa. Abin da yaro ke so ya ajiye kuwa, a busar da shi a inuwa. In aka sa shi a rana, bayansa zai riga cikinsa bushewa, sai ya tsattsage. Kada a jefa ɗanyen gini cikin wuta. Ruwan da ke ciki zai zama tururi, ya fasa shi, ya yi tsartuwa a idon mutum.

Yadda ake kwaɓin gari

Wani garin ba shi da yumɓu kusa. Wani lokaci kuma yaron ƙarami ne, uwa tana so ya yi wasa kusa da ita cikin ɗaki. To, sai a yi kwaɓin gari. Ma'auninmu shi ne gwangwanin madara.

A nemi fulawa gwangwani 2, da gishiri mai laushi gwangwani 1, da man gyaɗa babban cokali 2, da ruwa mai ɗumi gwangwani 1. A gauraya fulawa da gishiri cikin kwano. A zuba mai. Sa'an nan a riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan ana cuɗawa. Mai yiwuwa ba duka ruwan zai shiga ba. In ya yi ruwa a ƙara gari, in ya yi tauri a ƙara ruwa. A ci gaba da cuɗawa har ya yi sumul.

Kowane ɗaya da aikinsa. Fulawa tana da danƙo, ita ke riƙe kwaɓin. Garin gero da na dawa ba su da irin wannan danƙo, shi ya sa ba sa yi. Gishiri yana hana shi saurin lalacewa. Mai yana sa shi laushi.

In ana son launi, a nema cikin kayan abinci. Kurkum yana ba da rawaya. Ruwan zoɓo yana ba da ja-ja. Garin kuka ko na zogale yana ba da kore. Kada a sa fenti, ko shuni, ko baƙin cikin batir.

A ajiye kwaɓin cikin kwano mai murfi, a wuri mai sanyi. Yakan yi kwanaki. Ran da ya fara wari ko ya yi fumfuna, a binne shi cikin rami. Kada a watsar a tsakar gida, domin gishirinsa yana iya kashe kaji, ya kuma cuci kare da akuya.

Amma fa mu ji tsoron Allah. Fulawa abinci ce. Gidan da abinci bai wadata ba, kada a taɓa garin yara don wasa. Yumɓu ya isa, kuma amfaninsu ɗaya ne.

Kowane yaro da gwargwadonsa

Yaron da bai kai shekara 2 ba, kome ya samu baki yake kai shi. A dakata masa tukuna.

Ɗan shekara 2 zuwa 3 ba ya gina komai. Matsawa yake yi, da bugu, da tsokana da yatsa. Kada ku ce ɓarna yake yi. Yana koyon halin abin ne.

Ɗan shekara 3 zuwa 4 yakan fara mulmula dunƙule kamar na fura, ya murza dogo kamar igiya. Zai nuna muku wani curi ya ce mota ce. Ku yarda mota ce.

Ɗan shekara 4 zuwa 5 yakan haɗa guntu da guntu: tukunya da murfinta, rumbu da jinkarsa. Ku ba shi ɓargon kara, da tsinke marar tsini, da murfin kwalba ya yi ado da su.

Ɗan shekara 5 zuwa 6 ya isa haruffa. Nan ne ku 'yan aji za ku yi amfani da karatunku. A murza igiyar yumɓu, a lanƙwasa ta ta zama O. A miƙe ta ta zama I. A gina B, sa'an nan a ƙara mata ƙugiya ta zama Ɓ. Haka D da Ɗ, haka K da Ƙ. Yaron da ya liƙa ƙugiyar da hannunsa ba ya saurin mantawa da ita. Ku ma in kuna koya masa, naku karatun zai ƙara zama.

Wani yaro yakan yi sauri, wani yakan yi jinkiri. Kada a gwada su da juna. Sannu ba ta hana zuwa.

Aikin iyaye

Aikinmu kaɗan ne. Mu shimfiɗa tsohon buhu ko mu kife faifai a inuwa. Mu tuɓe wa yaro rigar kirki, mu sa masa tsohuwa. Mu zauna kusa muna aikinmu, ido na kansa.

In ya zo ya ce, "Inna, kin ga abin da na yi?" kada ta ce, "Tafi can, ina aiki." Ta duba, ta ce, "Madalla! Mene ne wannan? Gaya mini." Kada kuma uba ya karɓe ya ce, "Kawo in gyara maka." In babba ya gyara, yaro ya ga nasa bai yi kyau ba, sai ya karaya. Doki mai ƙafa uku da yaro ya gina da kansa ya fi masa amfani a kan mai ƙafa huɗu da ubansa ya gina.

Mata da maza duk a bar su su yi. Yarinya ma za ta riƙe alƙalami.

Hattara!

Wannan sashe shi ne mafi nauyi. A karanta shi sau biyu.

Kada a ɗebo ƙasa daga wurin da ake haƙar zinariya, ko inda ake daka duwatsunta, ko inda ake wanke su. A shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, aƙalla yara 400 suka mutu. Duwatsun zinariyar akwai dalma a cikinsu. Ana niƙa su cikin gidaje, ƙurar ta gauraya da ƙasar tsakar gida, yara suka yi wasa a kai, suka kai hannu baki. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu. Dalmar da ke cikin ƙasa ba a ganinta, ba ta da wari. Yaron da ya tsira ma, tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har iyakar ransa. Duk garin da ake wannan sana'a, a bar yumɓun wurin, a yi kwaɓin gari.

Kada a ɗiba kusa da masai, ko juji, ko turken dabbobi. Ƙwan tsutsar ciki yana cikin irin wannan ƙasa.

Kada a aiki yaro kududdufi ko ramin yumɓu. Ruwa yana cin yara, rami kuma yana rufta wa mutum. Ban da haka, a ruwan da ke kwance ake ɗaukar tsargiya, watau fitsarin jini.

Kada yaro ya ci kwaɓin gari. Gishirinsa ya yi wa jikin yaro yawa. In ya lasa kaɗan, a wanke masa baki a ba shi ruwa. In ya haɗiye da yawa, ko ya fara amai, ko ƙishirwa mai tsanani, ko jikinsa ya saki, a kai shi asibiti nan da nan.

Kada a ba yaron da bai kai shekara 3 ba wake, ko tsakuwa, ko dutsen ado ya liƙa a gininsa. Yana iya shaƙe shi, ko ya cusa a hanci ko kunne.

Yaro mai ciwo a hannu ya jira ya warke. In an gama wasa, a wanke hannu da sabulu, har ƙarƙashin farce, kafin a ci abinci. Rigakafi ya fi magani.

Wata tambaya

A wani aji wata baiwar Allah ta ce, "Malam, maigidana ya ce gina siffar mai rai ba shi da kyau." Wannan magana ce ta addini, ba mu yi mata gaggawa ba. An ruwaito cikin littattafan hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tana ƙarama, kuma malamai da yawa sun yi sauƙi game da abin wasan yara saboda haka. Duk da haka, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi malamin garinsu. Kuma wasan ba ya tsayawa don wannan. Ga tukunya, ga tulu, ga rumbu, ga ɗaki, ga mota, ga mangwaro, ga haruffa da lambobi. Yaro zai shekara yana gini bai ƙare su ba.

Aikin wannan mako

Kowane ɗan aji ya gyara curin yumɓu kamar girman lemo biyu, ko ya yi kwaɓin gari. Ya zauna da yaro ɗaya na gidansu sau uku cikin makon nan. Ran aji mai zuwa ya zo da harafin farko na sunansa, wanda suka gina tare da yaron. Za mu jera su a gaban allo, mu karanta su baki ɗaya.

Tambayoyi

1. Waɗanne yatsu uku ne ke riƙe fensir?

2. Faɗi amfani uku da yaro ke samu daga wasan yumɓu.

3. Hoton wace ce a bayan takardar Naira 20? Mece ce sana'arta?

4. Don me ake busar da gini a inuwa?

5. In za a kwaɓa fulawa gwangwani 4, gishiri gwangwani nawa za a sa?

6. Waɗanne wurare ne ba a ɗibar yumɓu a cikinsu? Don me?

7. Rubuta wannan cikin littafinka: Zan bar ɗana ya yi gini, zan wanke masa hannu.